Jan Idon da Ke Jikin Mita

"Wai wa yake taɓa mini na'ura a gidan nan?" Injiniya ce tsaye a falo da laftop a hannu.

Wata uku ke nan da ta ɗaura wata 'yar na'ura a jikin mitar gidan, tana auna wutar da suke sha. Da wannan awon za ta rubuta furojet ɗinta na digiri na biyu a fannin sarrafa makamashi, karatun da ya cinye mata duk Asabar da Lahadi bayan gajiyar ofis. Saura kwana goma ta miƙa. Yau tana dubawa ta tarar kullum daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma babu komai, wayam!

Mijinta ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

"Ni ce," in ji Hajiya surukarta, ko a jikinta. "Kuna fita nake zare ta. Abu sai ƙyafta jan ido yake, an ce irinsu ke naɗar maganar mutane. In kina son jin abin da nake faɗa a kanki, ki tambaye ni mana!"

Injiniya ta shige ɗaki ta fashe da kuka. Mijin ya biyo ta sumumu.

"Ki yi haƙuri, sati biyu ke nan da na gane, na rasa ta inda zan tunkare ta..."

"Sati biyu! Kana kallona ina ta wahalar banza? Haba! Wannan ce soyayyar?"

Farfesanta bai yi wata-wata ba, ya ce sai dai ta sake daga farko. Tana ji tana gani abokan karatunta suka sa rigar kammalawa babu ita. Baƙin ciki kamar ya kashe ta, har akwati ta sauko da shi za ta bar gidan. Sai kuma ta tuna ko sau ɗaya ba ta taɓa gaya wa tsohuwar amfanin abin ba.

Ta je ta durƙusa gabanta da laftop.

"Hajiya, kin ga nan da layin ya hau? Hitarki ce ta asuba. Nan kuma firji."

"Au! Ashe wuta take ƙirgawa? Wayyo 'yar nan, na cuce ki!"

Daga ranar Hajiya ta ja kujerarta kusa da mita. Ɗan nata ma da ya zo zai zare na'urar ya sa cajin waya, da carbi ta kore shi.

Bayan wata uku awo ya fito cif, ko minti ɗaya bai yi giɓi ba. Ran da Injiniya ta karɓi shaidar digirinta, guɗar Hajiya ce ta fi ta kowa ƙarfi.

Haƙuri ya yi rana, amma da an yi bayanin minti biyar, da ya hana hawayen wata uku. Duk iliminki, kada ki raina yi wa manya bayani.