Katin Da Ya Tokare Teburin Baba

Fankar shagon ɗinkin wata budurwa ce ta mutu, aka turo mata mai gyaran lantarki. Yana kan tsani ya leƙo ƙasa, ita kuma ta ɗago kai da allura a baki. Gyaran minti goma ya ci awa guda. Tun ranar yake kiranta Allurata, ita tana ce masa Injiniya, shi da ko ƙofar jami'a bai taɓa takawa ba.

Da magana ta yi nisa, ya karɓi hotuna a hannunta, ya sa ita da iyayenta, Baba da Mama, a inshorar lafiya. Ciwon ƙodar mahaifiyarsa ne ya raba su da gidansu, ya rantse ba zai sake ganin irin wannan ba. Ya kai katunan cikin ambulan, sai murna yake.

Baba ya juya kati, ya haɗe rai.

"Wato ciwo kake mana fata? Samari na kawo turare, kai ka kawo mini takardar asibiti! Fice mini daga gida."

Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba bai ma yar da katunan ba. Teburin falo yana da gajeriyar ƙafa, sai ya haɗa ukun ya cusa a ƙarƙashinta. Gumin bawan Allah ya koma abin tokare tebur!

Sai ga mai shagon waya na bakin titi, da ƙamshi da surutu. Ya kawo wa Baba sabuwar waya, Baba ya ce yanzu ya ga suruki.

Ta tura saƙo: "Injiniya, shiru haka? Ko ka haƙura da ni ne?"

Ya amsa: "Allurata, Baba ya ce in fita, na fita. Amma ban tafi ba."

Ta jefar da wayar kan yadi, haushi ya cika ta. Wannan wace irin amsa ce?

Bayan wata biyar, da hantsi, ciki ya murɗe wa Baba. Likita ya ce sai an yi aiki yau, in ba haka ba hanji zai fashe. Da aka faɗi kuɗin, Mama ta dafa bango. Aka kira mai shagon waya. Mutumin da ke da waya ɗari a shago, ranar ko ɗaya ba ta shiga!

"Sai dai a sayar da kekenki, 'yar nan," in ji Mama, tana hawaye.

Maimakon shago, gida 'yar ta ruga. Ta ɗaga tebur, ta zaro katin Baba, duk ya lanƙwashe.

A asibiti ta miƙa wa ma'aikaciya katin. "Na san an daina biya tuni, amma don Allah duba."

Matar ta danna kwamfuta. "Wa ya ce miki? Shekaranjiya ma aka biya na wannan watan. Ba a taɓa tsallakewa ba."

Nan ta durƙushe tana kuka. Ta rubuta: "Kai ne?"

"Na ce miki ban tafi ba, Allurata. Wane ɗaki kuke?"

Da Baba ya farfaɗo, abin da ya fara gani shi ne yaron da ya kora, tsaye kan kujera yana gyara fankar da ke saman gadonsa. Kunya ta kama Baba, ya kira shi.

"Sauko, ɗana, kada ka faɗo."

"Ko ya faɗo ai yana da kati," in ji Mama.

Baba ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi. Ya kamo hannun yaron. "Na zalunce ka. Na ba ka ita."

Ranar ɗaurin aure, rigar ango amarya ce ta ɗinka, a kan keken da ba a sayar ba. Teburin falo har yau rawa yake, don katin ya koma aljihun gaban rigar Baba.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya tagari, Ya sa katin ya tsufa a aljihu.