Hannun da Bai Taɓa Solvor Ba

Torgrim Vik maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta kusa raba mutum biyu da ba su tare masa komai ba.

Solvor ta dawo garinmu bayan shekara biyu tana jinyar wani ciwon daji na ƙashi, irin wanda likitoci ma ba su cika gani ba. Ta warke, sai tabo daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Ta ce za ta ratsa mashigin tekunmu da ninkaya, kilomita tara, don tallafa wa gidan da ke saukar da iyalan majinyata. Dokar kuwa ɗaya ce: in wani ya taɓa mai ninkaya, ko da yatsa, an soke.

A bakin ruwa ta fara ganin Eilif, mai gyaran injin jiragen kamun kifi. Ta fito tana karkarwa, ya miƙa mata kofi, ya ce bai taɓa ganin agwagwa mai jin sanyi ba. Sunan ya bi ta. Wata huɗu yana raka ta a kwalekwale kowace safiya, har ya zama ba ta shiga ruwa sai ta waiga ta gan shi.

Mahaifinta Ottar bai son zancen. Ya ce wanda ke zuga 'yarsa ta koma bakin mutuwa ba zai zama surukinsa ba.

Ranar ninkayar, Torgrim ne mai sa ido na ƙungiyar ninkaya, a jirgin tsohuwa Magnhild. Ya taɓa neman auren Solvor, ta ƙi shi. Saura kaɗan ta kai, sanyi ya juya mata kai, ta dinga kewaya wuri ɗaya. Eilif ya matso yana kiranta har ta dawo hanya, ta taka tudu da ƙafarta. Torgrim ya rubuta cewa Eilif ya riƙe mata hannu. Aka soke.

Ita kanta ba ta sani ba. Tana tuna murya, tana tuna wani ɗumi a wuyan hannunta, amma hannun tabon ya saba jin abin da babu. Ta aika wa Eilif saƙo: "Ka taɓa ni ko ba ka taɓa ni ba? Kada ka tausaya mini."

Ya amsa: "Agwagwata, ban taɓa ki ba. Na so ƙwarai. Ke kika kai kanki."

Ta rasa wa za ta yarda da shi. Ottar kuwa da ya ji rahoton, murna ya yi. Ya gayyaci Eilif cin kifi da dankali, ya ce yanzu ya ga namiji, wanda ya ceci 'yarsa ya cancanci aurenta. Eilif ya ajiye cokali.

"Baba, ban taɓa ta ba."

"To kallonta ka tsaya yi?"

"Da ta nutse, da na faɗa ruwan. Ba nutsewa take ba, ɓata ta yi."

Ottar ya nuna masa ƙofa. A nan Solvor ta gane. Maƙaryaci ba ya mayar da auren da aka miƙa masa. Ta ce wa uban, shekara biyu kowa na juya jikinta, wannan ne kaɗai ya bar ta ta yi abu da kanta.

Magnhild, wadda ta yi tafiya tun washegarin ninkayar, ta dawo daga wurin 'yar'uwarta, ta ji labari, ta je ofishin ƙungiya. Ta ce a daidai lokacin Torgrim yana durƙushe kan bokiti yana amai, bayansa ga ruwa. Aka mayar wa Solvor nasarar ninkayarta.

Sati uku Ottar ya yi kafin ya je wurin aikin Eilif. Ya ce har yanzu bai fahimci abin ba, amma ya zo da kansa, a sa rana. Aka ɗaura auren a watan Yuni, a cocin bakin ruwa. Allah ya ba su zaman lafiya da tsawon rai.

Torgrim kuwa an kore shi daga ƙungiya, kuma babu mai jirgin da ke ɗaukarsa a garinmu.