Ginika Ta Zo Neman Kabari

A maƙabartar Kiristoci da ke bayan gari Alfred ya fara ganinta, wata Asabar da hantsi, yana cire ciyawa a kabarin mahaifiyarsa. Doguwar budurwa ce, tana bin kaburbura ɗaya bayan ɗaya, tana duƙawa tana karanta sunaye. Da ta kai ƙarshen layi sai ta tsaya a bakin wani kwari da ruwan damina ya haƙa, ta daɗe tana kallon cikinsa.

Ya gaishe ta da Hausa, ta girgiza kai, sai ya koma Turanci. Ta ce sunanta Ginika, daga Enugu aka ɗauko ta aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Mahaifinta Cletus take nema. Bakanike ne da ya zauna a unguwar Pantami tun tana ƙarama, amai da gudawa ya kashe shi, aka binne shi a ranar saboda cutar. Ba a kai gawarsa gida ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin kabarinsa a danginsu.

Alfred, malamin sakandare ne Batangale, a Gombe ya tashi, ya san cewa tsohon ɓangaren maƙabartar shi ne ruwa ya cinye. Ya kalli fuskarta, ya kasa faɗa mata. Sai ya raka ta titi, ya tsayar mata da keke, ya karɓi lambarta.

Ɗaki ɗaya Ginika ta kama a bayan wani gida a unguwar Federal Low-Cost. Idan ta tashi daga aiki ta shiga ta rufe ƙofa, shi ke nan ba ta ƙara jin muryarta sai gobe. Maƙwabta suna hira da Hausa da Fulatanci ta bayan katanga, suna dariya, ita ko kalma ɗaya ba ta kamawa. Wani lokacin da la'asar takan ji warin baƙin mai a ɗakin, irin wanda rigar babanta take yi idan ya zo Kirsimeti. Ta duba ko'ina, babu komai. A kasuwa kuwa, duk dattijon da ya ba ta baya sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka babanta ne.

A wannan halin saƙon Alfred ya fara shigowa.

"Baƙuwata, kalmar yau ita ce kewa. Ki nemo ma'anarta, zan tambaye ki."

Ta tambayi Fanta maƙwabciyarta, wadda ta yi ta dariya ta ja ta cikin gida ta dama mata fura. Da yamma Ginika ta mayar masa:

"Malam, na gane. Ina da shi da yawa."

"Ina da ita ake cewa. Ki ba ni rabi in riƙe miki."

Duk Asabar suna komawa maƙabarta tare. Yana share ƙasa daga allunan da suka goge, tana karantawa. Daga nan su biya unguwar Kumbiya-Kumbiya su sayi masa, yana gyara mata Hausa tana koya masa Ibo. Ta fara kiransa Nkem, ta ƙi faɗa masa ma'anar, sai da wani mai shago ya ce masa ai "nawa" take nufi. A ranar, Alfred bai iya cin abinci ba don murna.

Iyaye dai ba su yi murna ba. Baba Lazarus, mahaifin Alfred, ya ce 'yan kudu aiki ke kawo su, ranar da ta samu canjin wurin aiki za ta tafi ta bar shi. Ita kuwa Ugoma, mahaifiyar Ginika, kuka ta saka a waya, ta ce garin da ya riƙe mata miji ba zai riƙe mata 'ya ba, kuma ƙafarta ba za ta taɓa taka Gombe ba.

Ana cikin haka Debby, wata 'yar ƙungiyar mawaƙan coci da ta daɗe da sa ido a kan Alfred, ta tare Ginika bayan sujada. Cikin murmushi ta ce ai kowa ya san ruwa ya tafi da tsofaffin kaburbura tun tuni, Alfred ma ya sani, yana dai yawo da ita ne don ya riƙa ganinta.

Ginika ta daina ɗaga wayarsa. Ta koma ɗakinta ta rufe, warin baƙin man ya dawo, har ta fara tsoron la'asar. Ta rame, ta nemi a mayar da ita kudu. Saƙonsa ya shigo:

"Gaskiya ne na sani. Na ga yadda kike karanta sunayen nan, na ji tsoron in raba ki da abin da ya kawo ki, ki tafi. Na yi kuskure. Ina bakin kwarin, zan jira har ki zo ko ki ce in tafi."

Ba ta ce ya tafi ba. Ta same shi a zaune a ƙasa, rana ta dake shi. Ya nuna mata inda layin ya kasance a da, inda yanzu babu komai sai jar ƙasa da saiwoyi. Ginika ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana yarinya. Da ta natsu ta ce masa a hankali:

"Ka daina ɓoye mini abu don tausayi, Nkem. Na gaji da zama ni kaɗai."

"Na daina," in ji shi.

Ita ta kira mahaifiyarta ta faɗa mata babu kabari. Bayan 'yan makonni sai ga Ugoma a tasha da ƙaramar jaka, ta ce ta zo ta ga wurin da idonta. Baba Lazarus da kansa ya sa babbar riga ya raka su. Tsofaffin biyu suka tsaya a bakin kwarin, ita ta rasa miji, shi ya rasa mata, ba mai jin yaren wani. Ta yi waƙar makoki da Ibo, ya yi addu'a da Tangale. A hanyar dawowa ya ce wa ɗansa yarinyar da ta tsallako ƙasa don mamaci ba za ta gudu ta bar mai rai ba.

An je Enugu an yi auren al'ada, aka dawo Gombe aka ɗaura aure a coci. Fanta da 'yan uwanta suka cika benci guda da mayafansu. Da aka fito, Ugoma ta riƙe hannun Alfred ta ɗora a kan na 'yarta, ta sa musu albarka, ta roƙi Ubangiji ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin ƙai. Sannan ta ƙara wata magana, ta juya ga Ginika ta ce ta fassara masa.

Ginika ta share ido, ta ce da Hausa:

"Mama ta ce ka tanadar mata ɗaki. Ita za ta zo wankan jego."