Jikar Mai Kanwa

A ajin koyon Turanci na yamma suka haɗu, wanda ake yi a makarantar firamaren Zaitawa bayan yara sun tashi. Jikata Lauratu ta shiga ne don tana neman aikin karɓar baƙi a wani asibitin kuɗi, aka ce sai mai jin Turanci. Malamin saurayi ne siriri, ɗan unguwar Soron Ɗinki, sunansa Nata'ala. Ni 'Yardada ban taɓa zaman aji ba, amma abin da zan faɗa, wani a kan tabarmata aka ba ni shi, wani da idona na gani.

Wata rana ana koyon yadda mutum zai faɗi ƙasarsa. Da aka zo kan Lauratu ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce, "I am Nigerian."

"Madalla," in ji Malam. "Sake faɗa, kowa ya ji."

Ta sake. Ta ce mini har ta zauna bai ɗauke ido ba, ya manta ma da ta kusa da ita.

Sai wata ta tuntsire da dariya daga baya. Bahijja ce, 'yar ƙanwar uwarsa, wadda dangi suka daɗe suna yi masa sha'awarta.

"Malam, ƙarya ake koya mana? Wannan ai jikar mai kanwa ce. 'Yan Nijar ne."

To, ku ji. Mijina, Allah ya ji ƙansa, daga Damagaram ya zo da fataucin kanwa, ni ma can aka haife ni, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ɗana Yusuf, uban Lauratu, a nan unguwar Koki na haife shi, daga Koki aka ɗauki gawarsa. Yarinyar kuwa, da hannuna na binne cibiyarta a bayan ɗakina. Ko Daura ba ta taɓa zuwa ba, balle boda.

Ta dawo tana kuka. Washegari da la'asar sai ga Malam a soronmu, wai ya zo ba da haƙuri. Haƙurin nan bai ƙare ba, duk Juma'a sai an zo an ƙara.

"Iya, ina amaryata?" in ji shi.

"Ga ni zaune, wa kake nema kuma?"

"Ke ai kin fi ƙarfina, sai gwamna."

"Matsoraci. Lauratu, fito, ga ɗan allinki."

Saƙonninsu ita take karanta mini, tana rufe fuska. Da ta yi zazzaɓi ya rubuto: "Laurena, yau ajin ya yi mini faɗi. Na tambayi kujerarki ina kike, ta ƙi kula ni. Ki sha magani, ki gaida mini Iya."

Ta mayar: "Malamina, na ji sauƙi. Iya ta ce in ka isa malami ka zo ka koya mata, ita ma tana da baki."

Na so yaron nan, Allah ya sani.

Da ya kai magana gida, uwarsa Hajiya Sa'ida ba ta aiko a yi bincike kamar yadda mutanen kirki suke yi ba. Jira ta yi muka haɗu a gidan suna, tsakar gida cike da mata, ta ɗaga murya tana kallon wani wajen.

"Mu ba ma haɗa iri da baƙi. Ga shi an rufe boda, wa ya sani ko gobe a ce su tattara? Sai jikokina su bi su a saman motar kanwa?"

Aka yi dariya. Matan da muka yi zaman makoki tare, muka yi biki tare, har da su. Wainar da ke hannuna na ajiye, na nemi takalmina. Na riga katangar gidanta zuwa garin nan, amma ni ce baƙuwa.

Yaron ya ji labari, ya turo saƙo. Lauratu ta karanta tana murmushi: "Laurena, kar maganar Hajiya ta dame ki. Ni ko daga ina kike ina sonki, asali ba ya gabana."

Na ce, "Sake karantawa."

Ta sake.

"Ko daga ina? Shi ma bai sani ba ke nan? Alfarma zai yi miki?"

Murmushin ya ɗauke. Ta kife wayar, ta daina zuwa aji, ya kira har ya gaji. Tana ramewa ina gani, ban ce ta ɗauka ba.

Ya zo da kansa, ni na fita.

"Iya, me na yi?"

"Kai ka tsayar da ita a gaban aji ka ce ta faɗi ƙasarta, ka ce madalla. Yanzu kuma ko daga ina. Wanne ne gaskiyar, Malam? Uwarka ta kore mu da baki, kai ka zo kana mana sadaka da wurin zama?"

Sai ya juya wajen labule, don ya san tana bayansa.

"Laure, na yi wauta. Na zaci lallashi nake, ashe bayan Hajiya na bi. 'Yar Koki nake so, jikar Iya, ba wata ba."

Daga bayan labule ta ce, "Ka ci abinci kuwa? Muryarka ta canja."

Shi ke nan, na san an gama da ni.

Ya je ya sami mahaifinsa, wanda ya yi shekaru yana sallah sahu ɗaya da Yusuf. Maza suka zauna, aka sa rana. Bahijja ta daina gaishe shi. Hajiya Sa'ida kuwa ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Ana gobe ɗaurin aure Lauratu ta riƙe ƙafata. "Iya, don Allah ki bar maganar nan. Kar ki ja a fasa."

Na ce, "In kika shiga gidan da wannan sunan, da shi za a kira 'ya'yanki."

Aka ɗaura aure. Da yamma muka kai amarya wajen uwar miji, don a danƙa mata amana kamar yadda aka saba. Ɗaki ya cika da mata, rabinsu na gidan sunan nan ne. Hajiya ta miƙo hannu. Ban saki hannun Lauratu ba.

"Hajiya, ba a ba da amanar abin da ba a san daga ina yake ba. 'Yar ina ce wannan?"

Guɗa ta tsaya. Wata ta ce, "Haba Iya, yau ranar farin ciki ce."

"Da ke nake?"

Hajiya ta dubi ƙofa. Ɗanta yana tsaye a tsakar gida, ya ji komai, bai kuma ce in yi haƙuri ba.

"'Yar Koki ce," ta ce can ƙasan maƙoshi.

"Kunnena ya tsufa."

"'Yar Koki ce! 'Yar Malam Yusuf ce, 'yar garin nan."

Na ɗora hannun yarinyar a nata. "Ga amana. Marainiya ce, amma tana da kaka."

Suna nan zaune lafiya, ta sami aikinta, har yanzu Malamina take ce masa. Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuriya ta gari, ya kau da bakin mutane daga kansu.

Ni kuwa, a gaban mata aka ci mutuncina da na mijina yana kabari, har yau ba a ce mini ki yi haƙuri ba. Hajiya Sa'ida, in an karanta miki wannan, daga Soron Ɗinki zuwa Koki ba a hawa mota. Ina gida.