Ranar da Inna Ta Ce Mata 'Yata

Auta na tsugune a bakin famfo tana ɗauraye kofunan shayi, sai ta ji an zare soson daga hannunta. Ta ɗaga kai. Inna ce, uwar mijinta, har ta naɗe hannun riga.

"Tashi, 'yata, je ki kwanta. Ni zan ƙarasa."

Auta ta yi sororo, kumfa na ɗiga daga yatsunta. Tun da aka kawo ta gidan nan, "yarinyar nan" ne sunanta a bakin Inna, in ran tsohuwar ya ɓaci kuwa ta koma "waccan". Ko lokacin da likitoci suka gano ciwon daji a ƙwan mahaifarta, suka yi mata aiki suka cire mahaifar gaba ɗaya, suka bi ta da ruwan maganin dajin da ake kira kemo har gashinta ya zube, Inna ba ta taɓa ɗauke mata ko cokali ba. Abin da ta iya shi ne zama a ƙofar ɗakinta tana yi wa bango magana yadda kowa zai ji.

"Ni dai ɗa namiji ɗaya gare ni. Gidansa ya ƙare a kansa ke nan? Babana, sallamar mace fa ba saɓo ba ce."

Babanan nata, wanda unguwa ke kira Mai Aski, bai taɓa mayar mata da magana ba, bai kuma sallami matarsa ba. Shi ya aske wa Auta sauran gashin da hannunsa, yana tsokanarta wai bai taɓa samun kwastoma mai mutsu-mutsu irinta ba. Ta yi dariya, hawaye na gangara cikin kunnenta.

Yanzu gashin ya dawo, har ana iya kama shi. Aikin da ya rage mata shi ne zuwa asibiti lokaci-lokaci a ɗebi jininta, a auna wata lamba da ake kira CA-125, wadda ke taimaka wa likita sanin ko ciwon na kwance ko ya motsa. Lambar wayar mijinta ce a katinta tun kwanakin da ba ta iya ɗaga kai, don haka shi ake kira. Wannan karon da ta tambaye shi, takalminsa yake ɗaurewa.

"Nomal ne. Sun ce komai lafiya. Sun ma ɗaga ranar ganin likita."

Daga nan gida ya canza. Inna ta daina zancen saki ɗungurungum. Ta riƙa ɓare mata lemo tana cire ƙwallayen. Yayar mijin, wadda da sai da dalili take leƙowa, ta zo da turmin zane, ta zauna gefen gado tana murza yatsu.

"Auta, in na taɓa ɓata miki rai, ki yafe mini."

"Anti, tafiya za ki yi?"

"A'a, kawai dai — rai ne."

Shi kuwa maigidan ya soma dawowa da wuri, ya zauna kusa da ita ya yi ta surutu, amma idonsa na kan bango. Da farko ta ji daɗi. Ta ce a ranta haƙurinta ne ya yi rana, Allah ya tausasa zuciyar tsohuwa. Har addu'a ta yi wa Inna a sujada.

Wani hantsi ta fito da bokitin wanki za ta yi shanya a bayan ɗaki. Wani zanin gado da ke shanye a igiya ya tare ta daga masu magana, sai ta ji muryar Inna ƙasa-ƙasa tana cewa da Anti:

"Ki bar zancen sakin nan. Me zai sa ya ɗauki surutun mutane a banza? Lambar jininta ta hau, likita da bakinta ta faɗa masa. Mu lallaɓa ta mu rabu lafiya. Shi yaro ne, gaba na nan."

Auta ta ajiye bokitin a hankali don kada ya yi ƙara. Ashe ba sonta aka soma yi ba, sallama ake yi da ita. Ta shiga ɗaki, ta zura hijabi, ta fita ta nufi shagon mijinta.

Shagon askin na bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da taya. Ta tarar da shi yana gyara wa wani dattijo mai sanƙo gefen kunne, rediyo na ta surutu, gashi a warwatse a ƙasa. Ya hango ta a madubi, injin ya tsaya a hannunsa.

"Madam ce da kanta?" dattijon ya ce. "To ƙarasa ni tukuna, kada ka sake ni rabi mutum rabi kwakwa."

Ta zauna a benci, ta jira har aka kakkaɓe wa dattijon wuya, aka shafa masa hoda, ya fita. Mijinta ya kashe rediyo.

"Lafiya, Auta? Me ya fito da ke a wannan rana?"

"Yaushe likita ta kira ka?"

Ya ɗauki buroshi ya shiga share injin da ba shi da sauran gashi.

"Ka ajiye wannan ka dube ni. Yaushe?"

"An ɗan kwana biyu." Ya ajiye buroshin. "Ta ce lambar ta hau. Ta ce in kawo ki a sake gwaji, a ɗauki hoton ciki."

"Sai ka ce mini nomal."

"Na kasa, Auta. Na zo ƙofar ɗaki na ji kina waƙa kina taje gashinki, na juya. Sai na faɗa wa Inna, don kaina ya ɗauki zafi. Ta ce kada in mayar da ke wurin wannan ruwan da ya kusa kashe ki, gara ki ƙarasa — gara ki zauna cikin kwanciyar hankali."

"Faɗi kalmar mana. In ƙarasa kwanana." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Jinina ne, cikina ne, amma Inna ta sani, Anti ta sani. Wa ya rage? Mai taya ma ya sani?"

"Don Allah ki daina."

"Ka san abin da ya sa Inna ta bar zancen saki? Ta samu wanda zai yi mata aikin ba tare da ta ɓata bakinta ba. Ni kuma ina can ina sa mata albarka a sallah. Zagin da take yi mini da can ya fi mini wannan lemon, don mai rai ake zagi."

Ya zauna daɓas a kujerar aski, ya rufe fuska da tawul ɗin kwastoma. Kafaɗunsa suka shiga rawa. Ta so ta tsane shi, amma ta san hannun nan, ta san dararen da ya riƙe mata roba tana amai.

"Ban yi don in rabu da ke ba," ya ce ta cikin tawul. "Tsoro ne. Wallahi tsoro ne."

"Ni ma ina jin tsoron. Da ka bar ni mun ji shi tare." Ta miƙe. "Rufe shagon. Asibiti za mu."

Likitar, mace ce mai farin gilashi, ta dube su ta saman gilashin.

"Malam, na yi ta jiran ku."

"Ni ce marar lafiyar, likita," Auta ta ce. "Daga yau ni za a riƙa kira. Ki faɗa mini komai, kada ki rage."

Likitar ta juyo da kujerarta sosai wajenta. Ta ce hawan lamba ba hukunci ba ne. Wani lokaci kumburi ko wata cuta daban ke ɗaga ta, wani lokaci kuma ciwon ne ke dawowa, kuma hoto da sake gwaji ne za su raba gardama. "Ba zan yi miki alkawarin abin da ban gani ba. Amma ban ce wa kowa a je gida a jira ba."

Hoton ya nuna wani ɗan ƙulli a gefen ciki. Ciwon ne ya dawo, amma ƙarami, kuma akwai abin yi. Za a sake kemo.

A gida Inna ta tare su a tsakar gida, ta ga auduga manne a hannun Auta, fuskarta ta sauya.

"Babana, ashe maganata ba ta da daraja? Na ce a bar baiwar Allah ta huta."

Auta ta buɗe baki, sai mijinta ya riga ta. Bai ɗaga murya ba, ya ma ɗan rusuna kamar yadda ya saba.

"Inna, ki gafarce ni. Na bi maganarki a kan komai, amma wannan kuskure ne na yi, kuma nawa ne. Matata tana da rai. Magani za ta yi, ni zan kai ta, ni zan dawo da ita. Ko ta warke ko ba ta warke ba, babu wata a bayanta da nake jira."

Inna ta dube shi kamar baƙo, ta ja zanenta ta shige ɗaki.

Zagaye na biyu ya fi na farko ɗaci. Bakinta ya yi gyambo, ƙafafunta suka riƙa yi mata kamar ana tsira allura. Anti ta ɗauke ƙafa. Wasu ranaku Auta ba ta ce wa mijinta uffan, don abin da ya yi bai bar ranta ba, shi kuwa ya zauna a kujerar roba kusa da gadon asibiti, ya jure shirun. Kwastomominsa da yawa suka koma wani shago. Bai taɓa ambata ba.

Bayan watanni, wata safiya wayarta ta yi ƙara suna karyawa. Ta ga lambar asibiti ce. Ta danna lasifika, ta ajiye wayar a tsakaninsu. Likita ta ce ƙullin ya motse, lambar ta sauko ƙwarai, amma za a ci gaba da gwaji, domin irin wannan ciwo ba a juya masa baya.

Ya sunkuyar da kai yana hamdala. Ita ta kama hannunsa, karo na farko tun ranar shago.

"Wata rana za ta iya sake hawa," ta ce.

"In ta hau, ke za ki fara ji. Ni ina gefenki."

"To sha shayinka, Yallaɓai, ya huce."

Inna da aka gaya mata ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da jan carbinta. Auta ba ta taɓa sanin daga ina godiyar ta fito ba, ta kuma daina neman sani.

Haƙurin Auta bai sayo mata son uwar miji ba, bai kuma ba ta tabbacin gobe ba. Ya ba ta miji da ya koyi tsayawa, da sauran kwana da take rayuwa da idonta a buɗe. Masu jinya, ku ji tsoron Allah: kada ku ɓoye wa marar lafiya abin da ke jikinsa da sunan tausayi, kada ku yi masa makoki yana numfashi. Lamba ta likita ce ta auna, ajali kuwa na Allah ne shi kaɗai. Wanda kake so, faɗa masa gaskiya, sannan ka zauna kusa da shi ku ɗauke ta tare.