Dawar Ta'aziyya

A bakin kasuwar Samaru Barakatu ta fara ganinsa, cikin 1978. Ɗaliban jami'a sun tare hanya suna ɗaukar fim. Ga wani dogo a tsakiya, gashi himili guda, wando mai faɗin ƙafa na sharar ƙasa. Faifai na juyawa, shi kuma ba waƙa yake ba, magana yake zubawa a kan kiɗan kamar ana zazzage gyaɗa.

Ta saki baki har manjan da ta sayo ya tsiyaye.

Da aka tashi ya nufo ta. "Ƴanmata, manki ya zube."

"Bakinka ne ya jawo. Ba ka gajiya?"

"Dalhatu nake. Facin taya nake yi a Sabon Gari, wannan na ranar Lahadi ne."

Abu dai ya kankama. Yana ce mata Tauraruwa, tana ce masa Sarkin Surutu. Takardarsa ta farko ga ta nan: "Tauraruwa, tun da na gan ki nake manna faci inda babu huji. Ki ji tausayin tayoyin mutane."

Mahaifinta Malam Uba, mai hatsi, ya ce sai ya yi bincike. Sai Hamza akawu, wanda shi ma yake nemanta, ya ce, "Baba, kar ka wahala. Zo ka ga halinsa da idonka."

Ya kai shi zauren da ake nuna fim ɗin. Malam Uba bai taɓa shiga silima ba. Ya ga Dalhatu a jikin farin ƙyallen da ake haska fim ɗin, ya sace keken ɗinkin uwarsa ya sayi faya-fayai. Ƙannensa na kukan yunwa. Uwar ta kwanta ciwo ta mutu, shi yana can yana rawa.

Malam Uba ya miƙe tsaye. "Innalillahi! Ku masu na'urar kuna kallo ba ku hana shi ba? Ba ku da imani?"

A gida ya ce, "Ko maza sun ƙare, ba shi ba."

Barakatu na kuka. "Baba, wasa ne fa."

"Wasa? Makara na gani da idona!"

Amma mutum ne da ta'aziyya ba ta wuce shi. Ya ce marayun nan ba su yi masa laifi ba. Da safe ya ɗaura buhun dawa a keke, sai Sabon Gari.

Ya yi sallama aka ce ya shigo. Ga dattijuwa tana taka keken ɗinki. Ga Dalhatu tsugune yana wanke kayan makarantar ƙannensa.

"Nan ne gidan rasuwa?"

"Rasuwar wa, Malam?"

"Uwar wannan."

Dattijuwar ta dafe ƙirji. "Ni Rahamatu? Na mutu ba a gaya mini ba?"

"Ba ke ba ce. Waccan gajera ce."

Bai rufe baki ba sai ga gajerar ta shigo da kwanon ƙosai. Malam Uba ya ja baya har ya take bokitin wanki, bakinsa sai a'uzubillahi.

"Baba, Mama Dinatu ce, maƙwabciyarmu, ita ta fito uwata a fim ɗin," in ji Dalhatu.

Dinatu ta yi dariya. "Sannu Malam. Ranar nan na sha mutuwa. In na mutu sai su ce ban iya ba, in tashi in sake."

Malam Uba ya ce to satar keken ɗinkin fa? Rahamatu ta buga keken. "Wannan da ka ce ya sace, shi ya saya mini bayan ubansu ya rasu. Yaran nan duk facinsa ke ciyar da su."

Malam Uba ya zauna a kan turmi. Can ya ce, "Wato Hamza ya san ƙarya ce, ya kai ni na kunyata a gaban jama'a."

Dawar dai ba ta koma Samaru ba. Ita aka yi tuwon biki da ita bayan Babbar Salla.

Ranar ɗaurin aure ya kama hannun ango. "Ka riƙe mini ita yadda ka riƙe uwarka ta gaske. Ta fim ɗin kuwa, ka sake kashe ta, ni da kai ne."

Barakatu na jin su daga ɗaki, tana dariya cikin lulluɓi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin ƙan iyaye.