Hoto na Arba'in da Ɗaya

A Ushafa Musaddiq ya fara ganin Ikilima, tana ɗaukar hotunan tukwane a shagon mahaifinta, Alhaji Bello. Daga Idu aka ɗauko shi ya gina musu shafin intanet. Ya tsara yadda kowane hoto zai samu lamba: kwamfuta ta ƙirga hotunan da ke ciki, ta ƙara ɗaya.

Ranar ta ɗauke shi hoto riƙe da tulu. Hotonsa ya zama na arba'in da ɗaya.

So ya kama su. Alhaji ya ƙi. "Aikin da hannu ba ya taɓawa, aiki ne?" Shi Manniru yake so ta aura, direban da ke kai masa kaya Mararaba.

Wata safiya saƙon Ikilima ya shigo wayar Musaddiq: "Nawan, na ce wa Baba ya buɗe hoto na 41, shi ne mijina. Kai ma buɗe."

Ya buɗe. Manniru ne, jingine da mota, yana washe baki.

Ya rubuta: "Allah ya sanya alheri. Ki gaida direba." Ya kashe waya.

Bayan kwana uku ta biyo shi ofis.

"Oga mai kwamfuta, Baba ya ce dangin Manniru su zo Asabar."

"Ba shi kika zaɓa ba?"

"Kai na zaɓa. Na'urarka ta canja min miji."

Ya duba. An goge hoton wata tukunya da ta fashe, ƙirga ya koma arba'in. Sabon hoto ya ɗauki 41, ya danne nasa.

"To me ya kai ki ɗaukar hotonsa?"

"Tukwane na ɗauka, ya cusa kansa. Za ka tsaya kishi ne, ko za ka je wurin Baba?"

Ya je, ya durƙusa. "Baba, kuskurena ne, ba nata ba."

Alhaji ya ce: "Ka zo da ƙafarka ka amsa laifi. Wannan na gane. Turo manyanka."

Musaddiq ya gyara shafin. Lambar da aka bayar sau ɗaya ba ta sake dawowa.

Ranar ɗaurin aure ya miƙa wa Alhaji waya ya ga hoton ango da amarya. Alhaji ya ture ta.

"Allah ya yi muku albarka. Wannan a wanko min shi a takarda, in rataye."